Zaren Buhun Malama Safara'u

Kafin rana ta gama ɗagowa a kan gonakin shinkafar da ke tsakanin Kura da Bunkure, Malama Safara'u ta riga ta kama hanya. Ba ta tare babur, ba ta tare adaidaita. Bakin kanal take bi a ƙafa, da hijabinta ruwan toka da jaka a kafaɗa, tana tafe tana amsa gaisuwar masu ban-ruwa. Wani ya ɗago daga cikin albasa ya ce, "Malama, an fito?" ta ce, "An fito, ya ruwa?" Tafiyar minti arba'in ce daga gidanta zuwa ƙaramin asibitin da take aiki. Idan ta isa sai ta buɗe tagogi, ta share baranda da kanta, ta jera bencina, sannan ta fara da masu awon ciki, ta koma kan yaran da aka kawo rigakafi, ta ƙare da masu zazzaɓi da masu hawan jini. Haka take yi kullum har ranar Juma'ar da ta wuce, ranar da ta ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar.

Ba likita ba ce, kuma ita ce ta farko da za ta gaya maka haka. Ma'aikaciyar lafiya ce ta karkara, irin waɗanda ba a sa hotonsu a jarida. Amma ka buɗe jakar nan tata ka ga abin mamaki: ban da abin awon jini da littafinta, akwai ƙullin zaren ɗinkin buhu da ɗan almakashi. I, zaren nan da ake ɗinke bakin buhun shinkafa da shi. Wannan zare shi ne dalilin wannan rubutu, domin wallahi abin da baiwar Allahn nan ta yi da shi ya fi ƙarfin a yi shiru.

Ga yadda abin ya faro. A kan idonta ƙasar nan ta canja. Lokacin da ta fara aiki, manomi da ƙafa yake zuwa gona, ya wuni yana sunkuye da fartanya, ya dawo cikinsa a shafe. Da ruwan kanal ya zauna, shinkafa ta yi albarka, injinan casa suka cika Kura, sai aka samu sauƙi, kuma alhamdulillahi da sauƙi. To amma sauƙin ya zo da babur har bakin gona, ya zo da shinkafa safe da rana da yamma, ya zo da lemon kwalba mai sanyi da shayi mai sukari cokali huɗu. Tumbi ya fito wa mutanen da iyayensu ba su san tumbi ba. A wata bita da aka kai su aka koya musu cewa kitsen ciki ba a fata kaɗai yake tsayawa ba, yana shiga hanta ya zauna, kuma hanta ba ta cika yin ƙorafi ba sai abu ya yi nisa. Aka ce su riƙa auna ƙugun mutane: idan kewayen ciki ya wuce rabin tsayin mutum, a sa ido. Aka ba su tef irin na tela.

Tef ɗin ya yi aiki a kan mata. Maza fa? Wane magidanci ne a ƙasar nan zai ɗaga riga matar wani ta zagaya masa ciki da tef? Ita ma ba za ta yi ba. Wata uku tef ɗin yana kwance, abin yana damunta, sai ran nan ta wuce ta bakin wani inji ta ga masu ɗinkin buhu suna jan zare. Ta tsaya ta roƙi ƙulli ɗaya. Tun daga ranar, namiji ya zo sai ta ce ya jingina da bango, ta sa alama a saitin kansa, ya matsa, ta yanko zare daidai tsayinsa, ta ninka biyu ta miƙa masa. "Shiga bayan labule ka zagaya a saitin cibiya. Kada ka shanye ciki, Allah yana ganinka. Ka fito ka gaya min ko bakin zaren ya haɗu." Babu taɓawa, babu jin kunya, babu lambar Turanci da za ta rikita kowa. Wanda nasa bai haɗu ba ya faɗi tazarar da yatsu, ita kuma ta san wanda za ta tura gwaji.

Ke ce kika gano cewa abin da ya hana maza awo ba taurin kai ba ne, kunya ce, kika nemo wa kunyar hanya maimakon ki yi faɗa da ita. Sannu da ƙoƙari, uwar marasa lafiya.

Mutane da yawa sun karɓi zaren nan, amma labarin da za a daɗe ana bayarwa shi ne na Alhaji Maharazu mai injin casa. Mutum ne mai fara'a da yawan kyauta, shekararsa arba'in da takwas a lokacin, jiki ya zauna, idan ya hau babur sai ka tausaya wa tayar baya. Ya daɗe yana jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, ga kasala da ba ta da dalili. Ya shiga birni aka yi masa hoton ciki a wani ɗakin hoto. Mai ɗaukar hoton, da yake layi ya yi tsawo, ya miƙa masa takarda yana cewa, "Alhaji, hantarka ta yi kitse sosai, ka je ka ga likita," ya kira na gaba.

Rabin farko na maganar kawai Alhaji ya ji. Hanta ta yi kitse! Mutumin da tun yana yaro idan ya je wurin mai tsire abin da yake cewa shi ne a haɗa masa hanta da kitse, mutumin da ya san dabbar da ta ƙoshi ita ce mai kitse, me zai ji a nan in ba albishir ba? Ya fito yana hamdala. A hanya ya tsaya ya ci tsire, ya kora da lemo biyu masu sanyi, ya dawo inji yana ba abokansa labari cewa likitocin birni sun duba shi ciki da bai, har hantarsa ta ƙoshi. Aka taya shi murna, wani ma ya ce, "Ai daga ganin Alhaji an san ba a wasa da ciki."

Matarsa Aziza ce hankalinta bai kwanta ba. Ranar da ta kawo autarsu rigakafi sai ta zo da takardar a ninke cikin jakarta. Malama Safara'u ta karanta, ta sake karantawa. Ta san gidan. Shekara huɗu kafin nan an kawo mata yayan Alhaji, Suhaibu, a bayan mota: ciki ya kumbura ya cika da ruwa, ƙafafu sun haye, hannuwa sun tsotse, ido ya yi rawaya. Ta tura su babban asibiti a take, amma bai yi sati uku ba ya rasu. A gari aka ce sammu aka yi masa saboda gona. Ta ninke takardar ta ce, "Ki ce wa Alhaji ina gaishe shi, kuma ina son ganinsa."

Sai bayan kwana uku ya zo, yana dariya tun daga baranda. "Malama, an ce kin ga takardar. Ai sai ki taya ni murna."

"Zauna, Alhaji. Ka yi haƙuri da tambayar da zan yi maka, aiki ne ya sa. Ka taɓa shan giya?"

Ya miƙe zumbur. "A'uzu billahi! Ni? Malama, sau biyu ina sauke farali!"

"Na sani, zauna. Na tambaya ne domin kitsen nan ta hanya biyu ya fi shigowa. Giya tana kawo shi, sukari da ƙiba da yawan zama su ma suna kawo shi. Naka ta hanya ta biyu ya zo. Kuma ba abin murna ba ne, ciwo ne."

Ya dube ta kamar ta zage shi. Ya ce shi bai taɓa jin inda kitse ya zama ciwo ba, ya yi mata sallama a daƙile ya hau babur. Da wata ma'aikaciyar ce, da sai ta rubuta a littafi cewa ta ba da shawara, ta rufe. Ita kuwa sai ta nufi wurin Nafi'u mahauci ta yi magana da shi. Kasuwa biyu tana jira kafin abin da take nema ya samu, sannan ta aika wa Alhaji cewa don Allah ya same ta a rumfar mahauta ranar kasuwar Bunkure.

Nafi'u da bakinsa yake ba da labarin abin da ya faru, kuma har yau idan yana bayarwa sai ya ajiye wuƙa. Hanta uku ya jera a kan tebur. Ta farko ja wur, sumul, tana sheƙi. Ta biyu ta ragon turke ce da aka ɗura wa dusa wata da watanni: ta kumbura, ta koɗe ta yi fari-fari, idan ka danna yatsa sai ya fito da maiƙo. Ta uku ta wata tsohuwar saniya ce da ta shekara tana kiwo a bakin ruwa tsutsa ta cinye mata hanta, an riga an ware ta ba za a sayar ba: ta ƙanƙance, ta yi gurɓi-gurɓi, ta ƙandare.

Ta ce, "Alhaji, danna ta farko." Ya danna. "Danna ta biyu. Taka ke nan yau." Ya danna, ya kalli yatsansa, ya goge a gefen tebur. Sannan ta ce wa Nafi'u ya yanka ta ukun. Wuƙar mahauci, mai kaifin da yake raba gashi, sai da ta yi ƙara tana gurzawa.

"Ita wannan tsutsa ce ta ɓata ta," in ji ta. "Amma ko tsutsa, ko ƙwayar cuta, ko giya, ko kitse, idan aka bar hanta tana ƙuna shekara da shekaru, tabo take yi a kan tabo har ta koma haka. Ta biyun nan tana iya komawa kamar ta farko, Allah ya yi hanta da wannan baiwa. Ta ukun ba ta komawa."

Nafi'u ya ce Alhaji ya daɗe yana kallon hantar nan ta uku, hayaniyar kasuwa tana tashi ta ko'ina shi ko motsi ba ya yi. Can ya ce a hankali, "Malama, haka ta Yaya Suhaibu ta zama?"

"Ban ga tasa da idona ba, kuma ban san abin da ya jawo ba. Amma alamun da na gani a jikinsa, haka suke nunawa."

"Tawa fa? Za ta koma?"

"Ban sani ba tukuna, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Ka je babban asibiti a auna taurinta, a duba jininka. Abin da suka faɗa shi za mu bi."

Ya je. Aka duba jini, babu ƙwayar cutar hanta, alhamdulillahi. Amma kitse ya yi yawa, sukarinsa yana bakin iyaka, kuma tabo ya riga ya fara, sai dai hantar ba ta kai ga ƙandarewa ba. Likita ya ce akwai sauran dama, da sharaɗin ya zubar da kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, ya kuma riƙe hakan. Kilo ɗari da huɗu sikeli ya nuna ranar.

To ɗan'adam da son gajeriyar hanya! Alhaji ya ji maganar tafiya a ƙafa da barin lemo, ya ga abin da nisa. Ran nan wata mota mai lasifika ta tsaya a bakin titi ana shelar maganin wankin hanta, wai kwana bakwai ya wanke ta tas kamar an sa sabulu. Ya sayi gora biyu a ɓoye. A kwana na biyar ya fara amai, fitsarinsa ya koma kamar shayi, idonsa ya yi rawaya. Aziza ta kira Malama a waya tana kuka. Ita da kanta ta raka su birni, aka kwantar da shi kwana tara, ya sha da ƙyar.

Ranar da ya dawo gida ta je dubiya. Aziza ta ce ba ta taɓa ganin ran Malama ya ɓaci irin na ranar ba. Ba ta ɗaga murya ba, amma ta wanke shi tas. "Alhaji, duk abin da ka haɗiya ta hanta yake bi. Hantar da take fama da kanta ka ɗora mata abin da kai ma ba ka san me aka dafa a ciki ba? Ita ba tukunya ba ce da za a wanke. Ka sauke mata kaya kawai, ita ta san yadda za ta gyara kanta." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na tuba, Malama. Faɗi abin da zan yi." A ranar ta yanka masa zarensa. Ya shiga ɗaki ya fito ya ce saura taƙi guda da yatsu uku bakin ya haɗu.

Ba ta hana shi shinkafa ba. "A Kura in hana mutum shinkafa? Ai sai a kore ni daga gari." Cewa ta yi a rage ta zuwa ƙaramin kwano, a cike gurbin da wake da zogale da rama da kabeji, abubuwan da ga su nan a gona ana lodawa a mota ana kai wa mutanen birni. Lemon kwalba kuwa ta ce ya yi sallama da shi, shayi babu sukari, soye-soye sai jefi-jefi. Babur ya tsaya a inji, ya riƙa takawa zuwa gonarsa ya dawo, kullum, kuma idan ya je kada ya tsaya a inuwa yana nuni da baki, ya karɓi fartanya. Satin farko ko rabin hanya ba ya kaiwa sai ya zauna a bakin kanal yana haki. Da safe idan hanyarsu ta haɗu takan rage sauri su jera, ita a gaba shi a baya, tana yi masa tsiya: "Alhaji, ni da na kusa sittin ce zan riƙa jiran ka?"

Wata huɗu ana haka, kilo shida suka tafi. Sai kuma wata fitinar ta ɓullo daga inda ba a zata ba. Gari ya ɗauka. Alhaji Maharazu yana tafiya a ƙasa, riga ta yi masa yawa, an ba shi lemo a wurin ɗaurin aure ya ce a ba shi ruwa: wasu suka ce karayar arziki ce, wasu suka ce wani mugun ciwo yake ɓoyewa. Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar matsalar tana cikin gida, wato mahaifiyarsa, Inna Salama, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya wadda maza biyu kacal Allah ya ba ta. Ta ga wuyan ɗanta yana zabgewa, ta tuna wuyan wancan da ya rasu. Ta ce Aziza tana horar mata da ɗa da yunwa, ta ce malamar asibiti ta shiga tsakaninsa da abinci. Kullum sai ta dama fura da kindirmo ta zuba sukari ta aika masa, ta kuma ce idan bai shanye ba ba ta yafe ba. Wane ɗa ne zai ji wannan kalma daga bakin uwa ya ajiye ƙwarya? Ya riƙa shanyewa, sikeli ya tsaya cak, sannan ya fara komawa sama.

Malama Safara'u ta gane cewa idan ba a samu Inna ba an rasa Alhaji. Ta tashi aiki ran nan da la'asar ta wuce gidan, ta durƙusa a bakin ƙofar ɗakin tsohuwar ta gaishe ta. Inna ta amsa ciki-ciki, ko tabarma ba ta ce a shimfiɗa mata ba.

"Ke ce mai ƙarar min da yaro?"

"Ni ce nake sa shi tafiya, Inna."

"Haka na farin ya fara." Inna ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, ko bayan ransa. "Ina kallo wuya ya tafi, hannu ya tafi. Na ga an fita da shi ta ƙofar nan. Yanzu kuma ki zo ki ce in zuba ido wannan ma ya bi shi? 'Yar nan, ki ji tsoron Allah."

Ba ta kare kanta ba. Ta bari tsohuwar ta yi kukanta ta gama, sannan ta ce, "Inna, ke kika yi jinyarsa, kin fi ni sani. Lokacin da hannunsa yake tsotsewa, cikinsa fa? Raguwa yake ko ƙaruwa?"

Inna ta ce, "Ƙaruwa. Har ya kasa ɗaura wando."

"Ƙarfinsa fa?"

"Ko buta ba ya iya ɗauka."

"To wannan jiya a gabana ya ɗaga buhun taki ya ɗora a kafaɗa. Ramar ba iri ɗaya ba ce, Inna. Waccan ciwo ne yake cin mutum, wannan mutum ne yake cin ciwo. Amma kada ki yarda da bakina." Ta sa aka ɗauko zaren Alhaji ta damƙa a hannun tsohuwar. "Ki riƙe shi a wurinki. Duk Juma'a idan ya zo gaishe ki, ki zagaya masa da hannunki. Idan kika ga ciki yana ƙaruwa, ki aiko a kira ni, ni da kaina zan ce ya daina. Idan kika ga yana raguwa shi kuma yana ƙara ƙarfi, to ki taimake ni da abu ɗaya: furar nan a rage ta, a cire sukari."

Ikon Allah! Tsohuwar da ta ƙi shimfiɗa mata tabarma ita ta koma sarkin tsaro. Duk Juma'a sai ta tsayar da ƙaton Alhaji a tsakar ɗaki, mai ma'aikata ashirin a ƙarƙashinsa, ta ce ya ɗaga hannu, ta zagaya zare a kan rigarsa tana ƙirga yatsu. Aziza ta ce ran nan Inna ta shinshino ƙanshin lemo a bakinsa, ta yi masa faɗan da tun yana saurayi ba a yi masa irinsa ba.

Ke ce kika san cewa maras lafiya ba shi kaɗai yake zuwa asibiti ba, yana zuwa ne da uwarsa da matarsa da bakin mutanen gari. Ke ce kika durƙusa a gaban wadda take zarginki, kika mayar da tsoronta ya zama magani. Wannan ba a koyar da shi a bita, Malama, Allah ne ya ba ki.

Kada mai karatu ya ɗauka kowa ne ya samu irin wannan dama. Akwai waɗanda suka iso gare ta hanta ta riga ta ƙandare. Ba ta taɓa ce wa ɗayansu zai koma kamar da ba. Takan ce, "Abin da ya tafi ya tafi, amma abin da ya rage za mu lallaɓa shi," ta tura su wurin likitoci, ta bi su har gida tana duba ko suna shan magani, ta hana a ɗura musu jiƙe-jiƙe, ta sa a gwada iyalansu a yi wa masu buƙata rigakafi. Wasu sun ƙara shekaru masu kyau, wasu ta je ta'aziyyarsu. Faɗin gaskiyar nan ga mutumin da yake roƙonka da ido ka yi masa ƙarya, shi ne abin da ya fi ba ni mamaki a lamarinta.

Bayan wata goma sha shida Alhaji Maharazu ya koma babban asibiti. Sikeli ya nuna kilo casa'in da ɗaya. Bakin zaren bai haɗu ba, kuma har yau bai haɗu ba, saura yatsu huɗu. Aka ɗebi jini, aka sake auna hantar. Likitan ya jera tsohuwar takarda da sabuwa yana duban wannan yana duban waccan, har ya tambaye shi ko shi ne dai mutumin bara. Yawancin kitsen ya tafi, gwajin jini ya daidaita, sukari ya sauka, taurin hantar ma ya ragu. Akwai sauran tabo, amma ya daina gaba.

Daga tasha bai je gida ba, asibitin Malama ya wuce, ya tarar da ita tana ɗaure wa wani manomi yatsan da lauje ya yanka. Ya miƙa mata takardar. Ta karanta har ƙasa, ta ɗago, waɗanda suke wurin suka ce idonta ya cika da hawaye.

"Na warke, Malama?"

"Ta dawo, Alhaji. Hantarka ta dawo. Amma hanyar da kitsen ya bi ya shigo tana nan a buɗe, ranar da ka koma wa lemo da zama shi ma zai komo. Gobe da safe ina jiran ka a bakin kanal."

Malama Safara'u, mun gode. Mun gode a madadin gidajen da ba su san sun kusa yin rashi ba, da waɗanda suka sani. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin moriyar hutun da kika daɗe da cancanta, ya sa abin da kika yi ya tsaya miki ranar da babu mai tsaya wa wani. Ku kuma matasan ma'aikatan lafiya da kuka gaje ta, kada ku tsaya a miƙa takarda ku kira na gaba. Ku tabbata abin da kuka faɗa shi mutum ya ji, ko da sai kun bi shi kasuwa. Mu ma sauran jama'a, wanda aka ce wa hantarsa ta yi kitse kada ya yi murna, kada kuma ya yanke ƙauna, ya je a auna tun ana iya komowa.

Ranar Juma'ar da ta ajiye aiki ba a yi wani taro ba, abokan aiki ne da 'yan unguwa suka zauna a baranda aka yi addu'a. Ana shirin tashi sai ga adaidaita ya tsaya. Alhaji Maharazu ya fito, ya riƙo hannun Inna Salama, wadda ta shekara biyu ba ta fita ko nan da ƙofar gida ba saboda ciwon gwiwa. Malama ta taso da sauri za ta durƙusa, tsohuwar ta riƙe ta ta hana.

"Tsaya, yau ni na zo gaishe ki," in ji Inna. Ta numfasa, ta dafa kafaɗar ɗanta. "Maza biyu na haifa. Ɗaya ina zaune aka fita da shi. Tun daga ranar roƙona ɗaya ne a kan sallaya, kada Allah ya sake nuna min irin wannan, ya bar min wanda zai sa ni a kabari. Rai a hannun Allah yake, 'yar nan, ban san wanda zai riga wani ba. Amma yanzu idan na kwanta ina yin barci."